Yadda ake karɓar odar mai ɗaukar hoton da ba ya hawa intanet

Kantinmu ba shi da ƙofar da mai saye zai shigo. Sito ne kawai da shafin intanet, sai wani teburi a lungu da aka ɗora wa waya, kuma wannan teburin nawa ne. Fim muke sayarwa, da takardar wanke hoto, da sinadarai, da batura, da katin memori, da duk tarkacen da mai kyamara ke nema. Yawancin oda da daddare take shigowa muna barci, da safe a tarar da ita a kwamfuta, a ɗaure a aika. Amma akwai mutanen da ba za su taɓa latsa komai ba. Wani dattijo ne da ya shekara arba'in a ɗakin duhu yana wanke hoto, bai ga abin da zai sa ya koyi sabon abu yanzu ba. Wani yana zaune inda sabis bai kai ba. Wani kuma an taɓa kwashe masa kuɗi ta kati, ya rantse shi da intanet har abada. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum biliyan 2.6 ba sa amfani da intanet, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ke nan. Rabona daga cikinsu bai wuce 'yan kira da 'yan wasiƙu ba, amma su suka koya mini aikin.

Masu ganin wannan a matsayin koma baya sun manta da asalin sana'ar. Kyamarar Kodak ta farko da George Eastman ya fitar a 1888 tana zuwa ne da fim na hoto 100 a cikinta. In mutum ya ƙarar, sai ya naɗe kyamarar gaba ɗaya ya aika ta gidan waya zuwa Rochester a Amurka, a wanke hotunan, a sa sabon fim, a mayar masa. Bayan haka shekara da shekaru masu kayan hoto suna cika shafukan baya na mujallu da jerin kaya da lambar waya. Saboda haka ba sabuwar hanya za ka ƙirƙira ba. Tsohuwa ce ciyawa ta rufe, sharewa kawai take so.

Abin da ya bambanta shi ne wannan. A shafi, hoton kaya shi ke yin rabin aikin: mutum ya ga kwali, ya ga launi, ya gane nasa ne ko ba nasa ba. Gani ya kori ji. A waya kuwa babu gani, ji kaɗai ya rage. Kai ne idonsa a kan kayanka, shi ne idonka a kan kyamararsa, kuma duk kuskuren da na taɓa yi a teburin nan daga mantawa da wannan ya fito.

Kada ka tambaye shi abin da yake so

Tambaye shi abin da ke hannunsa. A watannina na farko wani dattijo ya kira, muryarsa a nutse, ya ce yana son fim baƙi da fari, "mai faɗin nan, mai takarda a baya." Na ce ai 120 ke nan, na rubuta guda biyar, na aika, ina ganin na yi abin kai. Bayan kwana goma ya sake kira.

"'Yata, fim ya iso, amma ya ƙi zama a cikin kyamarar."

"Baba, ko za ka buɗe bayanta ka karanta mini abin da aka rubuta a ciki?"

Na ji ƙarar buɗewa, na ji yana laluben tabarau, sannan ya karanto: 620. Fim ɗin 120, wanda Kodak ta fitar tun 1901, da na 620 faɗinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya. Kwarkwaron da aka naɗe su a kai ne ya bambanta, na 620 ya fi siranta, kuma Kodak ta daina yin sa a 1995. Wanda ke da irin wannan kyamarar ko dai ya sayi fim ɗin da aka riga aka sake naɗewa a kan siririn kwarkwaro, ko ya zauna cikin duhu ya mayar da shi da hannunsa. Da na yi tambaya ɗaya tak, da ban ɓata masa kwana goma ba. Tun daga ranar, kalmar farko bayan gaisuwa ita ce: ɗauko kyamarar, ajiye ta a gabanka, in akwai tsohon kwali ka haɗa da shi. Ina jira. Wani lokaci minti uku ina riƙe da waya ina jin ana buɗe durowa. Bai taɓa zama asara ba.

Wuraren da ake zamewa sanannu ne, kuma kusan kullum su ne. Filta ce kan gaba, wato gilashin tace haske da ake ɗaura wa bakin gilashin kyamara. Mutum zai ce yana son ta milimita 50 domin ya ga 50 a jikin gilashin kyamararsa, alhali wannan lambar nisan gani take nufi. Faɗin baki daban yake, yana nan kusa da wata alama mai kama da sifiri da aka ja wa layi, ko a cikin murfin gilashin: 49, 52, 58, 67, 77. Ka ce ya juya murfin ya duba cikinsa. Idan babu rubutu ko'ina, ya kawo rula.

Gilashin kyamara kuwa sunan kamfani bai isa ba. Canon ta sauya bakin kyamarorinta a 1987, daga FD zuwa EF, sannan ta kawo RF a 2018, kuma na FD ba ya hawa na EF. Nikon ta riƙe baki iri ɗaya tun 1959 har ta kawo Z a 2018, wanda hakan ke sa mutane sakin jiki, amma gilashinta masu harafin G ba su da zoben rage haske ko ƙara shi. Ka sayar wa mai tsohuwar kyamarar Nikon FM2 irin wannan, zai ɗaura lafiya lau, sannan ya rasa inda zai murɗa. Wannan irin kuskuren ya fi ciwo, domin da farko sai a zaci an dace.

Katin memori ma haka. Katin SD na asali iyakarsa gigabait 2, SDHC ya kai 32, SDXC ya wuce haka, kuma siffarsu iri ɗaya ce. Tsohuwar kyamara sai ta karɓi babban katin a raminta ta ƙi karanta shi. Mai kira sau da yawa tsohuwar kyamara gare shi, don haka ƙaramin katin da ba wanda ke kallo a shafi shi ne nasa. Ni har ajiye wasu nake yi a gefe.

Sai batir. Kyamarori irin Olympus OM-1 an yi su ne don batirin PX625 mai sinadarin makuri, mai ƙarfin bolt 1.35, wanda aka daina yi. Wanda ya maye gurbinsa a girma yana ba da 1.5, sai ma'aunin haske ya riƙa yi wa mai shi ƙarya. Akwai wani mai aiki da iska da ke kusa da ƙarfin na asali, amma da zarar an ɓare masa takarda 'yan watanni yake yi ya mutu. Ka faɗa masa duka biyun, ya zaɓa da kansa.

Sauran a taƙaice: fim ɗin Polaroid na i-Type babu batir a cikinsa, na 600 yana da shi, kuma tsohuwar kyamara da na cikin fakitin take tashi. Fim ɗin falle mai inci 4 da 5 ba ɗaya ba ne da mai santimita 9 da 12, ko da yake a ido kamar tagwaye. Fim ɗin XP2 Super na kamfanin Ilford baƙi da fari ne, amma da sinadarin fim mai launi, wato C-41, ake wanke shi, don haka ka tambaya a gida yake wanki ko kai wa yake yi.

Haruffa a waya

Fim ɗin HP5 da na FP4 na Ilford. Ka furta su da sauri a layin da ke ƙara, ka ji ko za ka bambance. Ɗaya saurinsa na kama haske 400, ɗaya 125. Batirin LR44 da SR44, EF da RF, duk haka. Ina da hanya biyu. Ta farko, harafi da kalma, irin yadda matuƙa jirgin sama ke yi: Hotel, Papa, biyar. Idan mutumin bai saba da waɗannan ba, ka bar shi ya kawo kalmominsa, ba jarrabawa ake yi ba. Ta biyu, wadda ta fi aiki a wurina, ita ce in haɗa da abin da zai gani da ido: nawa aka rubuta a matsayin sauri, 24 ko 36 ne adadin hoton, wane launi ne rubutun kwalin. Lambobi kuma ɗaya bayan ɗaya nake karantawa, shida, biyu, sifiri, ba ɗari shida da ashirin ba.

A ƙarshen kira ina maimaita odar gaba ɗaya, kaya da adadi da jimillar kuɗi har da na aikawa, sannan in ce ya ɗauki biro ya rubuta lambar odar, ya karanto mini. Wasu na ƙosawa a nan. Ba na fasawa.

Takarda

Kanti mai shafi yana jin nauyin buga kundin kaya, kuma yana da gaskiya, domin farashi ba ya zama wuri ɗaya. Ba sai ka buga littafi mai sheƙi ba. Namu shafi takwas ne, baƙi da fari, manyan haruffa, kayan da ake ƙararwa a sake saye kaɗai ke ciki: fim, takarda, sinadari, batir. Kowane kaya da gajeriyar lambarsa. A saman kowane shafi akwai watan da aka buga shi, da layi ɗaya da ke cewa a kira a tabbatar da farashi kafin a aiko kuɗi. In ka bar kwanan watan, wata rana za ka buɗe ambulan ka ga cak da aka rubuta bisa farashin shekara uku da suka wuce, kuma mai shi bai yi laifi ba.

Fom ɗin oda kuwa layi ɗaya ne a cikinsa ya fi duk sauran daraja. Idan kayan ya ƙare, me za a yi: a jira, a musanya da mai kama da shi, ko a mayar da kuɗi? Akwati uku, ya zaɓi ɗaya. Mai shafi yana ganin kaya ya ƙare nan take, ya canza shawara a cikin daƙiƙa. Mai wasiƙa ba ya gani, kuma in ba wannan layin, kowace tambaya sai ta ci mako biyu zuwa da dawowa. Na ƙara gurbin sunan kyamara da lambar samfurinta, da gurbin lokacin da ake samunsa a waya. Wasu a wayar maƙwabci ko ta ɗansu ake samunsu, ba kowace sa'a ba.

Wasiƙar da ta zo babu fom, rubutun hannu kawai, kada ka yi hasashe a kanta. In lamba ɗaya ta shige maka duhu, ka kira. In babu lambar waya, ka aika abin da ka tabbatar, ka rubuta masa game da sauran.

Kuɗi

Bankuna da kamfanonin karɓar kati suna ba 'yan kasuwa wata kafa ta musamman don odar waya da ta wasiƙa, inda kai ma'aikaci kake shigar da lambar katin kai tsaye yayin da mai shi ke karantowa. Ka nemi a buɗe maka ita. Kada ka shiga shafinka ka yi kamar kai ne shi, domin bankinsa na iya tura masa lambar tabbatarwa a manhajar da ba shi da ita, ciniki ya tsaya. Lambar katin kuma ba a rubuta ta a gefen takarda da niyyar a shigar anjima. Ƙa'idar masu kati, PCI DSS, ta hana ajiye lambobi ukun nan na bayan kati da zarar an gama cirar kuɗin, ko a takarda ko a murya. In ana naɗar kiran da kuke yi, a dakatar da naɗin a wannan gaɓar. In fom ɗin takarda yana da gurbin kati, a sa shi a ƙasa inda za a yage a lalata.

Mai biya da cak ko takardar kuɗi ta gidan waya ko ta banki, ka sa ya rubuta lambar odar a jiki, ka kuma gaya masa tun farko cewa kaya ba zai tashi ba sai kuɗin ya faɗa. Ka ware masa kayan a sito da sunansa a manne, in ba haka ba shafi zai sayar wa wani da tsakar dare alhali kuɗinsa na hanya. Wannan ma sai da ya faru da ni kafin na koya.

Wani abu da ba na son faɗa amma dole. Ba duk mai cewa ba shi da intanet ne ba shi da ita ba. Cinikin waya ba shi da kariyar da na shafi ke da ita, kuma idan katin na sata ne, yawanci asarar kan ɗan kasuwa take faɗawa. Wanda ya kira karon farko yana son gilashi mafi tsada, yana gaggawa, kuma a kai adireshin da ba na katin ba, ba ya ko tambayar ko zai hau kyamararsa, wannan ina cewa zan sake kiransa. Mai ɗaukar hoto na gaske tambayoyinsa ba sa ƙarewa.

Abin da kwamfuta ke zato

Manhajar kanti ta ɗauka kowa na da imel. Rasit, lambar bibiya, sanarwar jinkiri, takardar mayar da kaya, duk can take turawa. Za ta ƙi karɓar oda in gurbin ya zama fanko, kuma a nan ma'aikaci ke jarabtuwa ya ƙirƙiri adireshin bogi. Kada ka yi. Ka buɗe akwatin imel ɗaya na kanti don waɗannan mutanen, duk saƙonsu ya faɗa can, kai kuma kowace safiya ka buɗe ka mayar da shi kira ko saƙon tes. Ranar da kaya ya tashi ka sanar da shi, ka ba shi sunan kamfanin da zai kai da lambar wayarsu. Direban ma ka rubuta masa a jikin kwali ya kira kafin ya iso.

Ka kuma faɗi gaskiyar kwanakin. Batirin litiyam mai caji da ake aikawa shi kaɗai an hana ɗora shi a matsayin kaya a jirgin fasinja tun Afrilun 2016, kuma wasu sinadaran ruwa ta ƙasa kaɗai ake yarda a kai su. Mai shafi yana ganin wannan gargaɗin da jan rubutu. Naka sai ka faɗa da baki. Sau da yawa ina ba da shawarar sinadarin gari, irin ID-11 ko D-76, domin ya fi sauƙin tafiya, ba ya zuba a hanya, kuma yana daɗewa a rufe. Mai aikin biki ko taro a gabansa ina tuna masa ba a fafe gora ranar tafiya.

Cikin kwalin kuma, ban da kayan, abu huɗu ba sa rasa shiga: rasit a buge, takardar mayar da kaya a buge da lambarta, sabon fom da ambulan, sai takardar bayanin kayan. Wannan ta ƙarshe ita aka fi mantawa. Kamfanoni yanzu sun koma cewa a je shafinsu a sauke. Ilford tana buga lokutan wanki a cikin kwalin fim, misali HP5 Plus a ID-11 da ba a sirka ba minti bakwai da rabi a zafin digiri 20, in an sirka rabi da rabi minti 13. Amma wanda ya haɗa fim ɗin wani kamfani da sinadarin wani ba lallai ya sami nasa lissafin a kwali ba. Minti biyu ne ka nemo ka buga masa. In ba ka yi ba, dodon hoton zai fito ko dai a wanke fes ko baƙi ƙirin, kuma fim ɗinka zai zarga.

Akwai kuma kayan da bai kamata ka sayar masa ba sai ka yi masa bayani, wani lokaci ma ka hana shi. Manhajar gyaran hoto ta biyan wata-wata tana bukatar intanet kafin a girka ta, kuma takan nemi a sake haɗa ta lokaci zuwa lokaci. Wasu ƙananan kyamarori da jiragen ɗaukar hoto marasa matuƙi ba sa fara aiki sosai sai an yi musu rajista ta manhajar waya. Firinta da yawa sun daina zuwa da faifan girkawa. Sabuwar kyamara kuma 'yar takarda ce a cikin kwalinta, cikakken littafin yana shafi. Wanda za a iya warwarewa ka warware: ka buga littafin ko babin da yake bukata, ka sauke sabuwar manhajar cikin kyamarar ka sa masa a kati tare da bayanin matakai, ko ka sabunta ta da kanka kafin ka rufe kwalin, da izininsa. Wanda ba ya warwaruwa, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Mai kantin ya taɓa harara ta don na hana wani sayen firinta. Mutumin har yau a wurinmu yake sayen takarda.

Idan jika ko ɗa ne ya yi odar ta shafi a madadin mai kyamarar, abin ya zo da sauƙi, amma ka nemi lambar mai kyamarar kansa. Yaron zai ce "fim ɗin da ya saba" bai san wanne ba, kuma saƙon isowar kaya zai tafi wayar wanda ke wani gari daban.

Katin kowa

A durowar teburina akwai akwatin kati, kowane mai kira da nasa, kuma ina kwafe shi a kwamfuta don ranar da ba na nan. Ba lambar kuɗi a ciki. Sunan kyamara ne, da faɗin bakin gilashi, da irin batir, da takardar da yake so, mai sheƙi ko marar sheƙi, da yadda yake biya, da sa'ar da ake samunsa. Da wannan katin kiran minti ashirin yake komawa minti uku. Da shi kuma nake kiran mutum in na ji za a daina yin wani kaya da ya dogara da shi. Lokacin da Fujifilm ta sanar da daina fim ɗinta na hoton nan take, FP-100C, a 2016, masu intanet sun kwashe abin da ya rage cikin ɗan lokaci, waɗanda ba sa hawa kuwa sai da suka zo saye suka ji labari.

Katin Baba mai 620 ya yi laushi don yawan taɓawa. A samansa da jan biro na rubuta: siririn kwarkwaro, a kira bayan ƙarfe huɗu, kunnen hagu ba ya ji. A ƙasa kuma akwai wani layi da na ƙara daga baya, domin duk odar da ya yi sai ya aiko da ƙaramin ambulan mai nauyi, da kwarkwaro biyar na ƙarfe a ciki naɗe da takarda, a sake naɗa masa fim a kansu. Ya ce na roba da ake yi yanzu suna cijewa a kyamararsa. Layin yana cewa: a ƙirga su in sun iso, a mayar masa da biyar.